Ranar da Barau ya tare ƙofar lakwal

Barau manomi ne a wani ƙauye gabas da Bande, mutum mai zafin nama da son a yi abu a gama. Bai taɓa zama a aji ba, amma shi ya yi ta zarya Magaria a kan moto har aka kawo musu lakwal, wato makarantar boko. Shi ya sa iyayen yara suka naɗa shi shugabansu. Kowace kaka shi ke tara kara da zana a kafa rumfunan karatu, kuma ƴarsa Zulai na cikin yaran farko da aka rubuta.

Wata shekara shanun Husaini, wani makiyayi da ke noma a bayan gari, suka faɗa gonar waken Barau suka yi ɓarna. Mai gari ya sasanta su, aka yi musafaha, amma abin bai bar zuciyar Barau ba.

Bayan an koma karatu, sai ga Husaini da ƴarsa Nasiba, an yi mata sabon kitso, tana rungume da allon lakwal. Barau na tsaye a bakin rumfa.

"Wuri ya cika," in ji shi. "Wanda bai kawo kara ba, ɗansa ba ya zama inuwarmu."

Madam Balkisu, shugabar lakwal ɗin, ta fito da sauri. "Haba Malam Barau, lakwal ta gwamnati ce. Doka ta ba kowane yaro haƙƙin karatu, na gari da na ruga. Ba ni da ikon korar ta, kai ma ba ka da shi. Shigo, yarinya."

Barau ya ɗaga murya yadda matan da ke rijiya za su ji: "To, ta shiga. Amma a ɗaure shanun ubanta, kar su cinye rumfar."

Aka yi dariya. Husaini ya kama hannun ƴarsa suka juya. Madam ta bi su har ruga, ta sake komawa, Husaini ya ce ya gode, amma ba zai kai ɗiyarsa inda za a yi mata dariya ba. Da rani suka tashi zuwa wajen Dogo-Dogo.

Shekaru suka wuce. Wata ranar kasuwa Barau ya kai Zulai, wadda ta shiga kolej, likita a Bande. Wata budurwa da ke riƙe da ƙanenta mai zazzaɓi ta miƙo wa Zulai kwalbar magani.

"Don Allah ƴar'uwa, duba mini, cokali nawa aka ce?"

Zulai ta karanta mata. Barau ya dubi fuskar budurwar, ya gane ta.

"Ke ba Nasiba ba ce, ta Husaini?"

"Ni ce, Baba." Ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi. Da ta murtuke fuska ma da ya fi masa sauƙi.

Ranar ko tuwo bai iya ci ba. Da ya samu Madam Balkisu ya tambaye ta ko za a iya ɗaukar Nasiba yanzu, ta ce shekarunta sun wuce na shiga aji, sai dai karatun manya.

Ya hau moto har Dogo-Dogo. Husaini ya shimfiɗa masa tabarma, ya saurare shi, ya ce ya yafe. Ya yarda ƙannen Nasiba su shiga lakwal ɗin can. Nasiba kuwa, da Barau ya yi mata zancen karatun manya, sai ta ce, "Baba, yanzu wa zai kula da gida? Inna ba ta da lafiya."

Tun daga nan, duk lokacin komawa karatu, Barau kan zaga rugage yana roƙon iyaye su kawo yara, wasu su ba shi, wasu su hana. Mutane na yaba masa. In suka fara, sai ya sunkuyar da kai ya ɗauko zancen damina.