Ranar Canza Diski

Shekara tara na yi ina kula da na'urar ajiya ta wani ofishi a Yamai, inda ake riƙe dosiye, wato takardun aiki, na malaman lekwal, makarantun boko ke nan, da suka yi ritaya. Gara ta riga ta cinye rabin takardun asali, abin da ya rage hotunansu ne a cikin diski huɗu. An haɗa huɗun suna aiki kamar ɗaya, in guda ya mutu sauran su riƙe nasa har a sa sabo. Amma in wani ya sake mutuwa kafin sabon ya cika, shi ke nan, komai ya tafi.

Sabon diski kan ɗauki yini guda yana kwasar abin da ke cikin 'yan'uwansa. Gurup ɗinmu kuwa, wato injin ba da wuta, tsoho ne, in wuta ta ɗauke ba ya iya ɗaukar na'urar tare da kilim masu sanyaya ofisoshi. Sai na kafa doka: ranar canza diski ba kilim, ba butar lantarki, ba mai buɗe dosiye. Da farko an yi ta gunaguni, ana ce mini Madam Kashe-Wuta a bayan idona. Daga baya ranar ta koma kamar ranar suna. Kowa ya ja kujerarsa zuwa inuwar itacen bedi, a hura gawayin shayi, a aika kasuwar Petit Marché a sayo nama. Wallahi ina kewar ranakun nan, har da masu gunagunin.

A wata irin ranar, cikin zafin Afrilu, wani tsohon malami ya iso daga Damagaram yana neman takardar shekarun aikinsa. Tasa ta ɓace, kuma ba tare da ita ba an ƙi kammala masa batun ritaya.

Na ce, "Baba, yau ba a taɓa na'urar, sai ta gama."

Ya ce, "'Yata, kwana na yi a hanya cikin motar kar. Me ya same ta?"

Na yi masa bayani. Ya tambaya ko tasa takardar tana cikin wanda ya mutu. Na ce tana cikin dukansu, kaɗan-kaɗan. Bai gamsu ba. Ya ƙi shayi, ya ƙi nama, ya ja kujera gaban allon da ke nuna inda aikin ya kai, yana karanto lambobin da ƙarfi kamar mai kiran sunayen ɗalibai.

Yana cewa tamanin da uku cikin ɗari wuta ta ɗauke. Gurup ya tashi, amma yana tari, batirin na'urar ya fara kuka. Nan na gane akwai mai kilim a kunne. Sabon darektanmu ne, yana da baƙi a bene. Ban san lokacin da na hau ba. Ko sallama ban yi ba, na wuce ta gaban baƙin na kashe.

Ya ce, "Madam, kin san ofishin wa kika shigo?"

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Gobe ka yi mini abin da ka ga dama."

Na sauko ina tunanin 'ya'yana da aikin da na jefa cikin haɗari. Na tarar gurup ya daidaita, tsohon kuma yana faɗin tamanin da huɗu. Darektan bai kore ni ba, amma ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata.

Bayan la'asar fitilar diskin ta koma kore. Takardar tsohon na fara bugawa. Ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa layi-layi, ƙauye bayan ƙauye, duk inda aka taɓa tura shi koyarwa. A wani layi ya tsaya, ya daɗe.

Ya ce, "Nan rumfar zana ce, 'yata, ɗalibai goma sha ɗaya. Na ɗauka ba wanda ya san na je."