Turancin Bariki a Bakin Ƙanena

Shekarar da ƙanena ya bar soja ya dawo gida Gafasa, ni ina koyar da Turanci a firamare a Gaya, ina ji da kaina kamar ni na haifi harshen. Ya dawo a rame, ba ya son magana. In ya buɗe baki kuwa, sai wani Turanci ya fito wanda babu shi a littafi ko ɗaya. Gaisuwa "haw naw", abinci "cof". Duk aikin da ya ga ba a fita lafiya, ko shiga tsohuwar rijiya ce, sai ya ce "wanwe", wato tafiyar da babu dawowa. Wasu kalmomin ma shi da abokansa suka ƙirƙira a fagen yaƙi. Samarin unguwa suka ɗauka, har ɗalibaina na fara ji a bakinsu. Abin ya ci mini rai.

Ranar wata shuka na je gida taya Baba aiki a gandu. Muna hutawa a gindin tsamiya, an kawo fura, ƙanena ya saki jiki yana ba mutane labari da kalmomin nan nasa. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin ya tafi. Ni kuwa, uban sani, na katse shi.

"Kai, wannan ba Turanci ba ne, shirme ne. Kana ɓata mini yara. In za ka yi, yi na gaske, ko ka yi Hausa."

Ya ajiye ludayi. Bai yi fushi ba, da ma ya yi.

"Yaya, mu biyar muke yin sa," ya ce. "Ni kaɗai na rage. In na faɗa, sai in ji kamar suna kusa. Amma tunda yana ɓata yara, na bari."

Baba ya dube ni, ya tashi ya ɗauki sungumi.

Ƙanena ya bari ɗin kuwa, kuma labarin ma ya tafi tare da kalmomin. Ya yi aure, ya yi noma, yana gaishe ni da ladabi kamar baƙo. Kunya ta hana ni ba shi haƙuri sai bayan shekaru, a hanyar kasuwar Ajingi, muna tafe tare ina tura keke. Na ce ya faɗa mini kalmomin nan in rubuta, kada su ɓace.

"Na manta, Yaya," ya ce.

Na san bai manta ba.