Kujerun Ɗakina Kafin Rabon Gado

Ranar da na fita takaba, yayar Malam ta zo daga Maradun da ƙullin goro da turmin atamfa. Ta zauna a kan doguwar kujerar ɗakina, daidai gefen da marigayin yake zama. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ta yi mini barka da fita, ta yi masa addu'a na ce amin. Sai ta ɗora tafinta a kan hannun kujerar tana shafawa a hankali, ta ce Allah ya jiƙan ɗan'uwanta, shi dai ya iya zaɓen kujera. A nan na sha jinin jikina. Na kuma lura tun da ta shigo ba ta kira ni Amarya ba, sunan da take kirana da shi tun ranar da aka kawo ni har furfura ta fito mini. Ranar sai “ke” kawai nake ji.

'Ya'ya mata biyu Allah ya ba mu ni da Malam, duk suna gidajen aurensu, ba mu da namiji. Don haka ita Yaya da ƙanensu suna da rabo a abin da ya bari, kuma ba a riga an zauna rabon ba. Ban taɓa jin haushin wannan ba, hukuncin Allah ne. Gona ce, a raba. Injin ban ruwa ne, a raba. Amma kujerun nan, doguwa da ƙanana biyu, ba na Malam ba ne. Babana ne ya sa aka yi mini su a Bakura lokacin aurena, ya tsaya a kan kafinta da kansa har aka buga ƙusar ƙarshe. Kwanonin jerena sun huje, gadon kwanciyar ya karye tuntuni. Kujerun kaɗai suka rage mini daga hannunsa.

Ga inda aka samu cikas. Wata shekara na tafi Bakura jinyar Innata na daɗe, sai Malam ya kai kujerun wurin wani mai kushin a bakin kasuwa aka sake musu yadi saboda Sallah. Ranar da mai kurar ɗaukar kaya ya dawo da su, lulluɓe da leda suna ƙyalli, Yaya tana gidan. Ta yi ta sa wa Malam albarka, wai ya saya wa matarsa sababbin kujeru. Shi kuwa, Allah ya gafarta masa, mutum ne mai son a yaba masa. Ya yi murmushi ya gyara zaman hula, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Da na dawo ya ba ni labari har dariya na taya shi. Yanzu ga shi Inna ta rasu, Baba ya riga ta, gwaggon da ta yi mini jere ta tsufa har ba ta gane jikokinta, mai kushin kuma an ce ya tashi ya koma kudu. Ba ni da shaida ko ɗaya.

Tun cikin takaba nake son in sake yadin doguwar. Akwai wani baƙin maiƙo a majinginarta, inda Malam yake cire hula ya jingina kai in ya dawo daga gonar shinkafa. Yana da rai kullum sai mun yi faɗa a kan tabon nan. Da ya rasu sai na kasa kallon wurin, na kuma kasa daina kallo. Soson ma ya kwanta, in ka zauna katako ne yake fara gaishe ka.

To amma a fitar da kujera daga gidan mamaci kafin rabo? A unguwarmu ta Talata Mafara, kafin mai kura ya kai bakin titi labari ya isa Maradun cewa matar Malam ta fara kwashe kaya. Ni kuma dama ban yarda da masu kushin ba. An sha faɗa mini suna zare katako mai kyau su mayar da na banza su rufe, wa zai buɗe ya gani? Ga kuma maganar Yaya tana cina a rai. Na ce kayana ne, zan yi abin da na ga dama da su, a cikin gidana. Ina da keken ɗinki, rabin matan layinmu ni nake ɗinka musu kayan Sallah, kujera ai ba ta fi jikin mutum lungu da saƙo ba. Wallahi haka na faɗa da bakina.

Ranar Talata na shiga kasuwa. Mai yadi ya tambaye ni wane kafinta ne ya aiko ni, na ce ni ce kafintan. Ya dube ni, ya dubi mayafina, ya yi wata dariya da ban so ba, don haka na sa ya sake auna yadin a gaban idona. Soso kuwa sai da na matse shi da hannu, na aza shi ƙasa na danna da gwiwa, don akwai wanda yake da kyau a rumfa amma in ya sha zama sai ya lafe kamar tabarma. Na sayi ƙananan ƙusoshi da gam da robar tib ɗin taya da aka yayyanka. Guduma da filaya na Malam ne, na san su ma kayan gado ne, na ce a raina aro na yi. 'Yata babba ta turo mini bidiyon masu irin aikin a waya. Mutanen ciki suna da wata na'ura mai harba ƙusa, kuma hannunsu ko datti ba ya yi. Ban yarda da su ba, na kashe wayar.

Da katifun zama na fara, don wannan ɗinki ne, fagena. Sai dai na yanka soson da wuƙar girki, gefensa ya fito kamar ɓera ya kwana yana ci. Da na gama na jera su ina yaba kaina, sai na ga furannin katifa ɗaya suna kallon sama, na ɗayar suna kallon ƙasa. Na warware na sake, yadi ya fara barazanar ba zai isa ba. Daga nan na ja kujerar tsakar gida na kifa ta, na yage buhun ƙasa. Ƙura ta zubo, da kashin ɓera, da wani maɓallin rigar Malam da muka taɓa nema har muka gaji. Robobin duk sun tsinke. Sabuwar robar kuma sai an ja ta da hannu ɗaya, an riƙe ƙusa da ɗayan, to gudumar da wane hannun? Na sa ƙafa na danne, na daki babban yatsana har farcen ya yi baƙi. Abin da ya fito daga bakina a lokacin sai da na yi istigfari.

A kwanakin nan ne maƙwabciyata, wadda ba ta taɓa aron ko allura a wurina ba, ta zo aron rariya. Washegari ta dawo aron ashana. Tana gaishe ni, idonta yana kan kujera. Ta tambaya ko wani abu ne ya ɓace mini a ciki, na ce i, maɓalli, kuma na same shi. Ƙanwar mijinta tana aure a Janbako, can ƙasar Maradun, kuma su biyun ba sa rabuwa da waya. Na ce to, an aika wa Yaya labari ke nan.

Majinginar na bari sai da na rasa abin fakewa. Na ciccire ƙusoshin baya da filaya, na kawar da kai, na fizge yadin da ƙarfi na dunƙule shi na jefa bayan murhu cikin tsummokaran hura wuta. Da na juyo, maimakon soso sai na ga wani yadin a ƙarƙashi, kore, mai furanni ruwan ƙwai. Abin da na fara yi shi ne tsine wa mai kushin. Macuci, ashe bai cire tsohon ba, ɗora sabo kawai ya yi a kai ya buga ƙusa, ya tura wa Malam kaya a leda! Ina cikin faɗan ni kaɗai sai na gane shi, na zauna a ƙasa. Yadin aurena ne. Shi Baba ya zaɓa, har Inna tana yi masa tsiya wai ya zaɓo launin gonar gero.

Sai na tuna da hannun dama. Ranar buɗar kaina da la'asar, mata sun fita cin abinci, Yaya ta shigo da kaskon turaren wuta za ta zagaya ɗaki, garwashi ya faɗo a kan hannun doguwar kujera ya huda yadin. Gwaggonnina kuwa masu faɗa ne, da sun gani da an yi ta har Bakura. Yaya ta rufe wurin da ƙyallen ado, ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Washegari ta zo da allura ta ɗinke hujin da baƙin zare, don shi kaɗai ta samu. Ban faɗa wa kowa ba, har Malam.

Ƙusoshin hannun dama ɗaya bayan ɗaya na cire su, ina tsoron kada a ce nan ne kawai macucin ya yi aikinsa da gaskiya. Bai yi ba, Allah ya saka masa da alheri. Ɗinkin yana nan, baƙi, a tattare, bai fi faɗin ƙwayar goro ba. Na mayar da yadin sama na rufe shi, na bar aikin haka ina jira.

Ban jira da yawa ba. Talatar da ta zagayo sai ga Yaya da ƙanen Malam, duk da hanyar nan da ba kowa yake son bi ba yanzu saboda rashin tsaro. Gaisuwar ranar gajeriya ce. Ta tsaya a kan kujerar, ga soso a warwatse, ga buhu a yage, idonta ya yi ja.

“Ke, ba ki tsoron Allah? Kayan mamaci, ba a raba ba, kin aza musu wuƙa. Mi kike biɗa ciki?”

Ƙanen ya ƙara da cewa mutane suna faɗin ina son in sauya wa kujerun kama ne don kada a gane su ranar rabo. Raina ya ɓaci matuƙa, na ji maganganu sun cika mini baki, irin waɗanda in an faɗe su zumunci ba ya komawa daidai. Na haɗiye. Na je na ɗaga yadin hannun dama.

“Yaya, taho ki gani. Wa ya yi ɗinkin ga?”

Ta matso ta sunkuya. Ta daɗe a sunkuye. Ta sa yatsa ta bi zaren, ta dubi koren yadin, ta sake bin zaren. Ƙanen yana ta tambayar mene ne, ba wanda ya kula shi. Da ta miƙe, shi ta kalla.

“Kujerun ga nata na. Da su anka kawo ta, ni na tarbe su.”

Ya fara cewa ai kowa ya ga ranar da marigayi ya sayo su. Ta ce in rantsuwa yake so za ta rantse gaban malamin rabo, yanzu dai ya jira ta a zaure. Ya fita yana gunaguni.

Na ɗauka an gama, har na fara jin daɗin nasara. Sai na ga tana dube-dube a tsakar gida, ta ɗaga buhu, ta leƙa ƙarƙashin soso.

“Amarya, ina yadin baya? Wurin da yake aza kai.”

Ta ce ita ba don ta sayar take son kujerar ba. Uwarsu ta rasu Malam yana ƙarami, ita ta goye shi, ita take yi masa aski har ya girma, ta san ƙeyarsa fiye da yadda ta san fuskarsa. So take ta ajiye kujerar a ɗakinta ta riƙa ganin wurin. Sai na tuna da safen nan na yagi tsumma bayan murhu na hura wuta, ban duba wanne ba. Na je na tona. Gefe ɗaya na yaga, tabon yana nan cif. Na karkaɗe tokar, na kawo shi kusa da hancina ba da niyya ba, sai na ji har yanzu akwai ɗan warin kansa. Ni da na jefar da shi da hannuna, a lokacin ne na ji ba na son in bayar. Amma tana tsaye ta miƙo hannu biyu. Na ba ta. Ta ninke shi ƙanana ta sa cikin mayafinta, ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba sai da suka fita.

Har yau ban tabbatar ba ko Yaya da gaske ta yarda sababbi ne duk shekarun nan, ko ta san gaskiya ta yi shiru don tana son kujerar. Matar da ta tarbi kaya ai ya kamata ta gane ƙafafunsu. Ban tambaye ta ba, ba kuma zan tambaya ba. Maƙwabciyata ma har yanzu ba ta dawo mini da rariyata ba.

Na ƙarasa aikin a hankali. Koren yadin ban cire shi ba, na ɗora sabon a kai na buga ƙusa, daidai yadda mutumin da na tsine wa ya yi. Hannun hagu ya tattare, katifa ɗaya ta fi 'yar'uwarta tudu, amma ana zama. Ranar rabo ba wanda ya ambaci kujeru. Suna nan a ɗakina, nawa ne, kowa ya sani. Majinginar kuwa tas take, babu tabo ko ɗaya. Wurin nake kallo har yanzu.