Askin Suna a Rugar Ardo Musa

Shekara talatin Dikko wanzami yana yawo da zabirarsa tsakanin ƙauyukan Kusada. Mutum ne mai surutun tsiya, kafin ya gama maka aski ka ji labarin kakanka. Amma ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ba ya saɓa askin suna.

Wata Laraba da safe saƙon murya ya karaɗe wayoyin ƙauyensu, can gefen Mawashi. Wani ne ke rantsuwa cewa Fulanin rugar Ardo Musa sun haɗa baki da 'yan bindiga, yau za su afka wa gari. Kafin hantsi maza sun cika ƙofar masallaci da gora da adda. Abdullatif ɗan acaba, wanda aka sace wa shanun noma bara, shi ne a gaba, yana cewa a riga su.

Dikko ya kutsa cikin taron. Duk yaran rugar nan shi ya yi musu askin fari, kuma a ranar jikar Ardo ke cika kwana bakwai.

"Abdullatif, ina da aski a ruga," in ji shi. "Kai ni bisa babur, ka gano ma idonka. In mun iske bindiga, ni zan ba ka ashana."

Abdullatif ya yi tsaki, amma ya tada babur.

Ba su tarar da bindiga ba. Mata suka tarar suna ɗaure ƙore a kan jakuna, ragon suna na ɗaure babu mai bi ta kansa. Ardo Musa ya fito, ya miƙo waya. Su ma an turo musu saƙo cewa mutanen gari na tafe su ƙone ruga.

Dikko ya karɓi wayar Abdullatif, ya kunna saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Murya ɗaya ce, har tarin da mutumin ke yi kafin ya rantse. Wani ne can yake so a kaure da faɗa, a watse, ya zo ya kwashi shanu da hatsi.

Abdullatif ya karɓi wayarsa. Nan take ya kira liman ya ce kowa ya ajiye makami.

Tun ranar, duk saƙon tashin hankali sai an kai shi tabarmar Dikko, ya tambaya, "Wa ya tahi ya gani?" Mutanen gari da na ruga har gobe suna sa masa albarka, shi kuma Allah yake gode wa da sunan ya faɗo ranar.

Abin da ba ya faɗa cikin surutunsa shi ne, da aka miƙo masa jaririyar, Lailatu, hannunsa ya ƙi tsayawa. Sai da Abdullatif ya durƙusa ya tallafe kanta, sannan ya iya ɗora aska.