Wasiƙa a Ƙasan Agushi

Ɗazu ina juye ragowar agushi a roba, sai ga takarda a ninke ta faɗo daga ƙasan ledar, duk ta sha mai. Rubutun Anti Ladi ne. Wallahi nan take na warware ta na karanta.

Tsohuwar malamar firamare ce a Kwandere. Mun haɗu a wani zaman marubuta inda aka karɓe mana wayoyi, muka yi alkawarin daga nan sai wasiƙar hannu. Mai keken unguwarsu ke kawo min tata nan garin Lafiya, ya koma da tawa.

Kafin azumi ta aiko da gajeren labarinta, na bi shi da jan biro ba tausayi, na mayar mata. Da mai keken ya dawo, ledar agushi kawai ya miƙo min. Na ce shi ke nan, na ɓata wa babba rai. Kunya ta hana ni nemanta, ko layi ɗaya ban ƙara rubutawa ba.

Ashe amsar tana kicin ɗina tun lokacin. Na karya alkawari na kira ta.

"Anti, ashe ba fushi kika yi ba?"

"Fushin me? Na gyara labarin, har ya fi kyau. Ke ce dai ba kya miyar agushi. Kashe wayar nan ki rubuto min."

Na kashe, ina dariya ina share hawaye. Biro na hannuna yanzu haka.

Ku fa, wa kuka yanke wa hukuncin fushi ba ku tambaye shi ba?