Hoton da Ya Raba Baba da Bijiminsa

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A shekarar da abin nan ya faru, ni saurayi ne da ya gama sakandare yana zaman jiran tsammani a ƙauyenmu, can wajen Kiyako a ƙasar Birnin Kudu. Ba ni da aiki, sai wata 'yar kyamara ta gwanjo mai shiga aljihu da yayana ya aiko mini daga Kano. Wallahi kaina ya kumbura da ita. Suna, ɗaurin aure, ƙwallon yamma, har kajin Inna ban bari ba. Mutanen gari suka koma kirana mai hoto, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi, alhali ban san komai a cikinta ba sai wurin dannawa.

Tun farko abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk hoton da na ɗauka sai ya fito biyu a katin ajiyar kyamarar. Ɗaya an rubuta masa JPEG, yana buɗewa a waya lafiya lau. Ɗayan an rubuta masa RAW, ƙato ne, ya cinye wuri, kuma ko za ka kwana kana danna shi ba zai buɗe ba. Na bugo wa yayana, ya ce wanda ya sayar masa ya ce ƙaton shi ne na gaske, kada in taɓa shi. Na je wurin mai wankin hoto a Birnin Kudu, ya ce na'urarsa ba ta san wannan ba, in daina kawo masa. Wani abokina kuma ya rantse cutar kwamfuta ce take haifar 'ya'ya a katin. To, ni wa zan bi? Da katin ya cika ana tsakiyar wani biki, sai na bi maganar da ta fi mini sauƙi. Na goge ƙattin nan kaf, na hana kyamarar sake ɗaukarsu, na kuma mayar da girman hoto kan mafi ƙanƙanta, har tsofaffin da ke katin na ƙanƙanta su. Nan take kyamarar ta nuna za ta ɗauki hotuna ba adadi. Har murna na yi, na ce ashe dama cutata ake yi.

Babanmu yana da shanun huɗa guda biyu, farare, waɗanda da su muke noma gero da dawar da gidanmu ke ci. Bijimin da ake ɗaurawa a dama shi ne ɗan lelensa, tun yana maraƙi ya raine shi. Yana da wani siririn tabo a kwiɓinsa na hagu, inda waya ta taɓa yankarsa, gashin wurin ya fito da ɗan duhu. Ana gab da faɗuwar damina, wata safiya muka tashi muka tarar da turken na daman wayam, igiya a yanke. Baba ya zaga ƙauyuka har ƙafarsa ta kumbura. Ba ya iya cin abinci. Bijimi ɗaya ba ya jan garma, kuma ga hadari ya fara haɗowa.

Ana nan sai wani makiyayi, aminin Baba tun ƙuruciya, ya zo ya ce ya ga bijimin a wata kasuwar dabbobi a ƙasar Gwaram. Muka hau babur mu uku. Muna shiga kara, inda ake cinikin shanu, Baba ya tsaya cak, ya nuna bijimin da sanda. Mutumin da ke riƙe da shi ya ce shi sayensa ya yi a wata kasuwa, kuma ban ga alamar ƙarya a fuskarsa ba. Aka taru gaban dattawan kara. Aminin Baba ya kawo shawara a kwance bijimin a tsakiyar fili, Baba ya tsaya nesa ya yi masa irin kiran da ya saba, a ga inda zai nufa. Dattawa suka fara gyaɗa kai. A nan ne fa bakina ya ja mana. Na kutsa gaba, na ɗaga kyamara, na ce ai ba sai an wahala ba, ina da hoton bijimin tun yana gidanmu, da tabonsa da komai. Mai riƙe da bijimin ya ce ya yarda, don dabba tana iya bin kowa in ta ga alamar dusa, amma hoto ba ya ƙarya. Aka tsayar da magana a kan hoto, kowa ya amince. Baba ya dube ni, ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

A fuskar kyamarar hoton ya yi ƙanƙanta, don haka muka ɗunguma shagon wani mai kwamfuta a bakin kasuwa. Aka buɗe. Ga bijimi nan fari tas a ƙofar gidanmu, ga ɓangaren hagunsa yana kallonmu. Aka ce a matso da kwiɓin. Mai shago ya yi ta ƙara girma, hoton ya yi ta rarrabewa gida-gida kamar saƙar tabarma. Innalillahi! Babu tabo. Wurin sumul, kamar an shafe shi da farar ƙasa. Na karɓi linzamin kwamfutar da kaina, na ja sama, na ja ƙasa. Mai shago ya ce in akwai babban hoton na asali in kawo, wataƙila a gani. Na ce na goge. Sai ɗaya daga cikin dattawan ya faɗi abin da kowa ke gani: bijimin da ke hoto ba shi da tabo, na kara kuwa yana da shi, ke nan ba shi ba ne. Aminin Baba ya nemi a koma maganar kira, aka ce ai mu da bakinmu muka zaɓi hoto. Ban ga laifinsu ba.

Abin kunyar, a kan hanyarmu ta komawa ni kaina na fara kokwanto. Shin tabon a hagu yake ko a dama? Shin bijimin kara namu ne kuwa? Dabbar da nake ba ruwa kullum, hoto ɗaya ya sa na daina yarda da idona. Daga baya na yi ta tambaya. Wani ya ce kyamara in za ta ƙanƙanta hoto, zubar da ƙananan abubuwa take yi, ta goge abin da take zaton datti ne. Wani ya ce da ban goge ƙaton ba da tabon ya fito ɓaro-ɓaro. Wani kuma ya ce ko da ƙaton, idon irin wannan 'yar kyamarar ba zai kamo siririn tabo daga nesa ba. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba, kuma ba ni da hanyar sani, tunda da yatsana na goge.

Daminar nan sai da maƙwabta suka gama huɗarsu sannan aka ara mana bijimi, shukarmu ta makara, abin da muka girbe bai kai mu ko'ina ba. Baba bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Sau ɗaya kawai ya ce in nuna masa hoton. Ya daɗe yana kallo, ya shafa fuskar kyamarar da babban yatsansa daidai kwiɓin, sannan ya ce shi dai ya so a bar shi ya kira shi ko sau ɗaya ne.

Shi ya sa na rubuto. Mai ƙaramar kyamara, kada yawan hoto ya ruɗe ka ka ƙanƙanta abin da wata rana za a nema da girmansa. Abin da bai buɗe a wayarka ba, kada ka ce banza ne, ajiye shi ka tambayi wanda ya sani. In kuwa ba ka buɗe hoto ka ƙare masa kallo da idonka ba, kada ka kai shi gaban dattawa ka hana mai abu magana. Kyamarar tana nan cikin akwatina, ban sake ɗaukarta ba. Baba kuwa, har ya bar duniya, in ya ji ana kora shanu ta bayan gida sai ya tsaya ya kasa kunne.