Kyamarar da Ta Cinye Madubaina

In ka ji ana gugar ƙarfe a lungunmu na Mandawari, to yayana Isyaku ne. Sana'arsa gyaran tsofaffin kyamarori, masu cin fim ɗin nan da ko waɗanda suka ƙera su sun manta da su. Kayan gyaransu babu a kasuwa, shi yake ƙera abinsa. Da me? Da kayana mana! Baƙar lemata ya yanke ya yi wa wata labulen ciki. Murfin gwangwani, hanjin tsohon agogo, guntayen fata daga Ƙofar Wambai, ba abin da yake rainawa. In na yi magana ya ce, "Zuwaira, ke ba ki san darajar abu ba." Ji fa, wai ni ce ban san daraja ba!

Abin da ya haɗa mu faɗa na gaske kyamarar marigayi Malam, mahaifinmu, ce. Mahaifiyarmu, Hajiya 'Yardada, ba ta yarda a ɗauke ta hoto da waya. Ta ce duk mai son hotonta sai dai da kyamarar Malam. Ga tsufa, ga jiki yau daɗi gobe babu, mu kuma ba mu da hotonta ko ɗaya na kirki.

Irin wannan kyamara, in ka leƙa 'yar tagarta mutum ɗaya za ka gan shi biyu, sai ka murɗa har su haɗe, sannan ka danna. Wani ɗan madubi da bai fi ƙwayar wake ba ke wannan aiki, shi ne ya fashe. Yaya ya yanko daga madubin hodata, ya goge, ya sa, ya leƙa, ya ja tsaki: "Ba su haɗu ba." Ya koma kan madubin ɗakina. Har na babur ɗin Ilu maƙwabcinmu ya kwance, ni na je ba da haƙuri. Azumi ya wuce, Babbar Salla ta wuce, kullum zancen ɗaya ne, saura kaɗan.

Ran da Hajiya ta kasa tashi alwala da kanta, haƙurina ya ƙare. Na yafa mata mayafi, na zaunar da ita a tsakar gida, na je na tsaya masa a ka.

"Yaya, wallahi ta gyaru ko ba ta gyaru ba, yau sai ka ɗauka! Me kake jira, sai mun rasa ta?"

Ya fito yana ƙunƙuni, ya leƙa, ya yi ta murɗawa. "Har yanzu Hajiya biyu nake gani, dishi-dishi."

Na fizge kyamarar don haushi. Na leƙa, na ɗan murɗa. Sai ga Hajiya ɗaya tak, tar da ita, har zaren bakin mayafinta.

"Yaya, ai lafiyarta ƙalau!"

Ya karɓa ya sake leƙawa. Ya sauke, ya dubi Hajiya haka nan, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan. Ashe tun a madubin hodata ta gyaru, idonsa ne ya tafi. Duk masifar da na taho da ita ta gushe, tausayinsa ya kama ni.

"Ku yi ku gama, bayana ya gaji," in ji Hajiya.

Yaya ya miƙo min kyamarar, ya je ya durƙusa a gefenta.

"Ɗauke mu tare, Zuwaira. Ke kike gani."